Tsakar gidana da kaji goma sha tara

Jiya da magariba na tsaya bakin akurki ina ƙirga kaji suna shiga ɗaya bayan ɗaya, goma sha tara cif, banda zabi biyar ɗin nan da tun da suka yi wayo suka ƙi kwanan akurki sai saman darbejiya. Na rufe ƙofar na tokare da bulo nace Alhamdulillahi. Sanyin hunturu ya fara shigowa tun satin da ya wuce, kuma ni duk shekara in na ji wannan busasshiyar iskar sai gabana ya faɗi, saboda a irin wannan lokacin ne na taɓa rasa kusan duk abin da na tara. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda muke rayuwa a gidan nan, musamman saboda 'yan uwa mata da ke yawan tambayata wai da gaske ne ina yin sati ban sayi kayan miya ba. Da gaske ne, amma fa ba rana ɗaya aka kai nan ba.

Mun tare a gidan nan ne ƙarshen 2020 bayan kullen korona, lokacin da kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfinmu. Fili ne da Baban yara ya saya tun da daɗewa a nan Kano, can gaba da Dawanau a hanyar Katsina, aka samu aka yi ɗaki biyu da falo da ɗan kicin aka zagaye, ko filasta ba a yi ba muka kwaso kaya muka shigo. Ni da na tashi a cikin birni, gidan da ko shanya sai kin jira wata ta kwashe nata, sai gani a fili fetal, jar ƙasa da ƙarangiya, wuta ba ta zama, ba famfo, maƙwabta jefi-jefi. Watannin farko kam ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Sai da Hajiya, wato mahaifiyar Baban yara, ta zo daga ƙauye ganin gida, ta sauko daga mota da 'yar sagara wake-wake an ɗaure mata ƙafa da tsumma, ta miƙo min tace "Ungo 'yar nan, wannan tsakar gida taku ta yi girma a bar ta haka ba mai motsi a ciki. Ki dinga zuba mata dusa da ruwa, sauran ita zata nema." Nace "To Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ni fa ban taɓa kiwo ba." Tace "Kazar zata koya miki."

Cikin shekara ɗaya wake-wake tayi ƙyanƙyasa uku, zakaran maƙwabta ne ke tsallakowa, 'ya'yanta na farko ma suka fara nasu ƙwan, kafin hunturun 2021 ina da kaji goma sha shida. Sai wata rana Baban yara ya dawo daga kasuwa da wani jan zakara ƙato, yace da araha ya same shi, gara mu samu namu na gida. Muka kwance shi muka sake cikin kaji a ranar. Bayan kwana uku zakaran nan ya fara tsayawa gefe guda ya saki fukafukai kamar wanda ya yafa bargo, ido a lumshe, yana buɗe baki yana jan numfashi da wani ƙara, kashinsa kore shar ruwa-ruwa. Kwana biyu da mutuwarsa na wayi gari na tarar da uku a kwance cikin akurki. Babu abin da ban yi ba, maƙwabta kowa da nasa maganin, wannan tace in daka barkono in zuba a ruwan shansu, waccan tace ɓawon maɗaci, wata tace kafso ja da yalo, duk na yi, ina kama su ɗaya-ɗaya ina ɗura musu da ƙaramin cokali. Cikin kwana tara kaji goma sha huɗu suka tafi. Wake-wake ce kawai ta tsira ita da wani ɗan zakara da wuyansa ya murɗe, haka ya girma yana tafiya kai a karkace. Ranar da na haƙa rami na binne ta ƙarshe na shiga ɗaki nayi kuka sosai, ba ma don kuɗin ba, kajin nan kowacce na santa da halinta.

Daga baya ne wani mai shagon maganin dabbobi ya zaunar da ni yayi min bayani. Yace "Hajiya wannan cutar Niyukasul ce, ba ta da magani, in ta shiga ta shiga, kafson da kike ba su ba ya taɓa ta don ita bairos ce, rigakafi kawai ake yi tun kaji na da lafiya." Yace ita kanta arahar zakaran ita ce alamar, don in annoba ta faɗa wa gari mutane sauri suke su kai kajinsu kasuwa kafin su mutu a hannunsu, farashi ya karye, mai saye ya kai gida ya sake, haka take yawo gari-gari kuma ta fi tashi da hunturu. Rigakafin iri biyu na sani. Akwai Lasota, ita tana son sanyi, daga shago sai an ɗauko ta cikin kula mai ƙanƙara, a hana kaji ruwa na ɗan lokaci su ji ƙishi sannan a haɗa musu a ruwan rijiya wanda ba kulorin a ciki, su shanye cikin kamar awa biyu, abin da ya rage kuma ya tashi aiki. Sai kuma I-2 wadda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, ita tana jure zafi fiye da waccan, ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, kuma ni na fi son ta don kajin Hausa masu yawo ba ki da tabbacin kowacce ta sha ruwan, amma ta ido kin san ta samu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, shi yasa muka haɗa kai mu matan layinmu, kowa ta kawo nata ɗan kuɗin a saya a raba rana ɗaya, duk wata uku. Kuma wannan haɗin yana da wani amfani, tunda kajinmu tare suke kiwo a bayan gida, in nawa sun samu na maƙwabciya ba su samu ba to har yanzu cutar tana da wajen zama. Tun daga nan kaza ko kyauta aka bani sai ta yi sati biyu a keɓe cikin tsohon kejin da ke bayan kicin kafin ta haɗu da sauran. Baban yara da kansa yake tuna min yanzu.

Bayan cuta sai shirwa. Ai da gaskiyar masu cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, na gani da idona, kina tsaye kina shanya zaki ji uwar ta yi wani irin kuka 'yan tsaki sun watse ƙarƙashin turmi da bayan randa, kafin ki ɗaga kai an sure ɗaya. A ƙyanƙyasa guda na taɓa rasa shida cikin tara. Yanzu abin da nake yi, kaza in ta fara kwanci ƙwai goma zuwa sha biyu nake bar mata, in yi musu alama da gawayi saboda wasu kajin na zuwa su ƙara mata sabo a kai, in shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya da ɗan toka a gurbin saboda ƙwarƙwata. Kwana 21 suke yi. In sun fito sai in kife su da uwar cikin babban kwando na wajen sati uku ko huɗu, tsakin masara mai laushi, dusar waken suya, yankakken ganyen zogale, ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki kar su faɗa su jiƙe. Sai gara, wannan Hajiya ce ta koya min: ki samu tsohuwar tukunyar ƙasa ki cusa mata guntayen kara da busasshen kashin shanu ki yayyafa ruwa ki kife a inda gara ke fitowa da yamma, da safe ki ɗaga ki zazzage musu, wallahi in kin ga yadda suke rububi sai kin yi murmushi, kuma girmansu daban yake da wanda ba su samu ba. Ranar da zan sake su sai in jiƙa galura in shafa musu a baya su koma ja ko shuɗi, mutanen ƙauye sun daɗe suna yi, ni dai tun da na fara asarar ta ragu sosai.

Zabin kuwa da damina na sayi ƙwansu wajen wata 'yar Fulani mai kawo mana nono, na sa wa wake-wake ta kwanta a kai, su sai sun kai wajen kwana 28. Takwas suka fito, uku raɓa da sanyin malka suka kashe, don 'yan zabi ba sa son jiƙewa ko kaɗan. Biyar ɗin ne ke ta ihu a saman bishiya yanzu, ko kare baƙo ne ya gifta sai sun sanar da unguwa.

Lambun ma ba da niyya na fara ba. Akwai wani dutse gefen rijiya inda Baban yara ke zama yayi alwala sau biyar a rana, kullum wajen a jiƙe, sai wata rana na yanko reshen zogale a gidan maƙwabciya na kafa a wurin kawai. Kafin wata biyu ya yi tofo, kafin shekara ya wuce katanga. Daga nan ido na ya buɗe, nace ashe ruwan da muke zubarwa kullum abinci ne. Yanzu zogale bakwai gare ni kuma ba na barinsu su yi tsawo, da sun wuce kaina nake sare kan su yi rassa ta gefe, ganyen ya fi yawa kuma hannu na kaiwa. Kusurwar gabas na zagaye ta da danga ta karan dawa na lulluɓe da tsofaffin gidajen sauro, don kaza da lambu ba sa zama wuri ɗaya, rana ɗaya kika manta ƙofa a buɗe to alayyafon sati uku ya tafi. A ciki akwai yakuwa, rama, lalo, alayyafo, kuɓewa, attaruhu, ɗoɗɗoya, sai albasa mai lawashi wadda gindin da na yanke a kicin nake mayarwa ƙasa ya sake tsirowa. Wasu a ƙasa suke, wasu a buhunan siminti da na huda gindinsu, na'a-na'a kuma a wani fasasshen bokiti don in kika sake ta a ƙasa sai ta mamaye ko'ina. Kabewa da damina na bar ta ta hau rufin kicin, bana guda shida na sauke, biyu na aika wa Hajiya, huɗu suna ƙarƙashin gado suna jiran miyar taushe.

Kuskure ɗaya da nayi wanda ba na so wata ta maimaita shi ne kashin kaji ɗanye. Na share akurki na kwashe na zuba kai tsaye a gindin attaruhu ina murna na samu taki kyauta, kwana biyu ganyen ya ƙone kamar an watsa masa ruwan zafi. Kashin kaji yana da zafi sosai sai ya huce. Yanzu rami gare ni a bayan gida, duk sharar akurki da ɓawon kayan miya da busasshen ganye da tokar murhu nan suke tafiya, in yayyafa ruwa in rufe da buhu, ina juyawa lokaci-lokaci, bayan wata biyu zuwa uku zaki ga ya koma baƙi mai laushi ba wari, shi nake haɗawa da ƙasa da ɗan yashi in cika buhu. Tun da na fara ban sayi takin zamani ko mudu ɗaya ba. Ruwa kuma, na wanke shinkafa, na wanke ganye, na ɗaurayar ƙarshe, na alwala, duk bokiti ɗaya nake tarawa in ba su da yamma in rana ta yi sanyi. Mai omo da mai bilic kam ba na zubawa, yana kashe ƙasa. Watan Maris da Afrilu in rijiya ta ja baya sai in rage lambun da kaina, in bar zogale da attaruhu da 'yan buhuna huɗu kawai, don ba zan sayi ruwan 'yan garuwa in zuba wa alayyafo ba, lissafin ba zai fita ba.

Tumatir kuwa gaskiya na daina wahalar da kaina. Sau uku ina gwadawa, ko zafi ya zubar da furen ko ƙwari su nannaɗe ganyen, abin da zan samu bai kai ruwan da ya sha ba. Manoman Kura da Kadawa da ke da ruwan Tiga ma ai sun sha wuya da tsutsar nan da suke ce wa Sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har tumatir ya gagari mutane, balle ni mai buhu uku. Abin da nake yi shi ne in jira Janairu zuwa Maris lokacin da tumatirin rani ya cika kasuwa kwando ya faɗi, Baban yara ya biya 'Yankaba ya ɗauko kwando biyu da tattasai, mu zauna ni da yara mu yanka gida biyu-biyu mu barbaɗa ɗan gishiri mu shanya a saman kwano bisa wankakken buhu, iskar rani ta busar da shi ƙayau cikin 'yan kwanaki. Wannan kauɗar ita ke kai mu Yuni da Yuli lokacin da ɗanyen ke tsada kamar zinare. In kika jiƙa ta da ruwan ɗumi kika wanke sau biyu kika niƙa da albasa mai yawa, miyar ba ta baƙi yadda mutane ke cewa. Kuɓewa ma haka, in ta yi yawa da damina na yanka na shanya, zogale da yakuwa kuma a inuwa nake busar da su cikin ɗaki don rana na kashe musu kore.

Tunda wuta ba ta zama, firjin da na zo da shi ya koma wajen ajiye kwanuka. Randa cikin randa nake yi, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi safe da yamma, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, ruwan da ke tsotsewa ta jikin babbar randar shi ke janye zafin. Wani malami ne a Dutse ta jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabarar a ƙauyuka har aka ba shi lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a shekarar 2000. Da rani tana aiki sosai, attaruhu da gauta da ganye sai su yi kwanaki ba su yanƙwane ba, da damina ne in iska ta yi laima sanyin ke raguwa.

Abin da ya fi burge ni a rayuwar nan shi ne yadda kwano ɗaya na masara ke rabuwa. In aka kai surfe, dusar ta kaji ce. In aka ɓarza, tsakin namu ne da 'yan tsaki, garin kuma tuwo. Tuwon dare in ya rage ɗumame ne da safe, ƙanzon tukunya a jiƙa wa kaji. Faten tsaki shi ne abincin da yarana suka fi so kuma kusan komai nasa daga tsakar gida yake: in soya albasa da ɗan manja, in zuba jajjagen attaruhu da kauɗa da daddawa, in tsaida ruwa, in sa wake tun farko ya fara laushi, sannan in wanke tsakin in rege shi in zuba ina juyawa kar ya kama, in ya kusa sai in tura yarinyar nan ta tsinko yakuwa da alayyafo da lawashi, a yanka a zuba a ƙarshe a rufe minti biyar a sauke tun ganyen na kore. Ɗan dakakken ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a kai, shikenan. Ba nama a ciki amma ba wanda ya taɓa tambaya. Ranar Juma'a kuma dambu da zogale da ƙwai dafaffe kowa ɗaya. Awara nake yi sau ɗaya a sati, kwano ɗaya na waken suya in jiƙa in kai niƙa in tace in dafa madarar in zuba ruwan tsami ta dunƙule, rabi mu ci rabi yaran layi su saya, dusar kuma ta kaji ce, kuma ita ce ke sa su yin ƙwai sosai. Nama sai in baƙo ya zo ko an yi sallah, sai a kama zakara ɗaya cikin matasan, sabo da kaza ai ba ya hana yanka. Wake-wake ce kawai na ce ba mai taɓa min ita, ta tsufa ta rage ƙwai amma har yanzu ba wadda ta kai ta iya kwanci da riƙon 'ya'ya.

Gas na shayin safe ne kawai da ɗumame saboda 'yan makaranta, sauran girki kurfoti ne da gawayi, da kaka kuma kara da totuwar masara. Wake in zan dafa tun dare nake jiƙa shi, ya tafasa sosai da 'yar kanwa sai in sauke tukunyar a rufe in nannaɗe ta da tsohon bargo in cusa cikin kwando, bayan awa biyu zuwa uku ya nuna luguf da zafinsa, gawayin da zai ci ya huta.

Hatsi kuwa sau ɗaya muke saye a shekara. Adashen da nake yi na roƙi uwar adashe ta dinga bani kwasata a Nuwamba, in haɗa da abin da Baban yara ya tanada, tunda ga Dawanau nan kusa da mu, lokacin sabon amfani ya shigo farashi ya sauka, a ɗauko masara da gero da dawa da wake da waken suya. Wake ne mai rigima saboda ƙwari. Ni dai ba na sa masa ƙwayar bom ɗin nan ko fiya-fiya, abin da yara zasu ci ne. Buhun PICS nake amfani da shi, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, a tabbatar waken ya bushe sosai, a matse iskar a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su rasa iska su mutu. Abin lura kawai kar ɓera ya huda, shi yasa nake ɗora shi a kan katako nesa da bango. Wadda ba ta samu buhun ba, jarka mai murfi mai kyau a cika ta taf a rufe gam ita ma tana yi.

Amfanin duk wannan ban gan shi sosai ba sai farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace mutane na kwana a layin banki. Akwai satin da ko naira ɗari ba mu da ita a hannu, tura kuɗi ta waya kuma ya ƙi tafiya. Da ƙwai na dinga karɓo gishiri da magi da sabulu wajen mai shagon layinmu, mai nono kuma na ba ta zogale da kuɓewa busasshiya ta bani kindirmo. Ba mu kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Bayan nan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai ya bi bayanta, kuɗin motar Baban yara zuwa cikin gari kawai ya cinye abin da a da muke cefane da shi. Albashi bai ƙaru a lokacin ba, amma tukunya ba ta fasa hawa wuta ba, kuma kuɗin ƙwai da awara da nake jefawa a wani gwangwanin madara shi ya sayi littattafan yara a zangon nan.

Akwai ƙawayena na cikin gari da in sun zo sai su ce "Ke kam kin zama 'yar ƙauye", wata ma har toshe hanci take in ta wuce akurki. Ba na jin haushi, don akwai gaskiya a wani ɓangaren, aikin yana da yawa. Shara sau biyu a rana in ba haka ba ƙuda, ba ki isa ki yi tafiyar kwana uku ba sai kin samu mai kula miki, da azumin da ya faɗo cikin zafi ina jan ruwan rijiya ina ba shuka har jiri nake ji, kuma sau biyu muna samun saɓani da maƙwabciya saboda zabina sun shiga mata gyaɗa, sai da na je na ba ta haƙuri da ƙwai a kwano. Amma abin da ba na yarda da shi shi ne a ce wai ba wuri. Iyayenmu a cikin birni ma suna da zogale a bayan ɗaki da kaji biyu a lungu, mu ne muka zo muka shafe ko'ina da siminti da tayil muka koma sayen yakuwar naira ɗari biyu a leda. Ƙanwata tana gidan haya a bene, buhu uku na cika mata da takin ramina na kai mata, yanzu alayyafo da lawashi da attaruhu a barandarta take tsinka. Ita ma mai toshe hancin ba ta taɓa tafiya ba tare da ƙullin zogale da ƙwai ba, kuma da zuciya ɗaya nake ba ta.

Gobe ne ranar rigakafinmu ta shigowar hunturu. Maƙwabciyata ta gabas ce mai karɓowa wannan karon, mu gida tara ne yanzu, da mu huɗu muka fara. Da asuba tun ba a buɗe akurki ba ake yi, babban ɗana ya dinga miƙo min su ɗaya-ɗaya, in riƙe kan a karkace in ɗiga a ido in jira ta ƙifta ya shige sannan in sake ta waje, haka har mu gama ba a tsallake ko ɗan tsako ba. Zabin ne matsala, su sai cikin dare da tocila da tsani in sun yi barci, na riga na faɗa wa Baban yara ya dawo da wuri yau. Sannan akwai wata baƙar sagara 'yar wake-wake da ta fara kwanci shekaranjiya a bayan buhun gawayi, ƙwai goma sha ɗaya, ita sai na ɗaga ta a hankali in yi mata a gurbinta in mayar kar ta yi fushi ta tashi.